Yadda Ake Zaɓen Prado Ta Hannu: Shekara, Inji da Abin Dubawa Kafin Biyan Kuɗi

Duk wanda harkarsa ke kai shi inda kwalta ta ƙare, ko gona ce a bayan gari, ko aikin rijiyar burtsatse a ƙauyuka, ko hawan tsaunin Mambila da damina, ya san abin da ya sa Toyota Land Cruiser Prado ta yi suna. Sai dai motocin da ke amsa wannan suna ba ɗaya ba ne. Tun 1990 ake ƙera ta, yanzu tana tsara ta biyar, kuma injunan da aka ɗora mata a tsawon wannan lokaci sun haura goma. A cikinsu akwai wanda zai yi kilomita dubu ɗari huɗu ba a buɗe kansa ba, akwai wanda man gas mara kyau zai kwantar da shi cikin shekara guda. Tambayar da mai saye ya saba yi wa dillali ita ce, "Alhaji, 'yar wace shekara ce?" Tambayar ba laifi, amma ita ce aka fi yi wa ƙarya, kuma ko an faɗi gaskiya ba ta wadatar ba sai an haɗa ta da nau'in inji da ƙasar da aka ƙera motar dominta.

Mataki na farko: gano tsarar da ke gabanka

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Bayan tsara ta farko, wadda ake kira 90 ta fito daga 1996 zuwa 2002. Mai bi mata, 120, daga ƙarshen 2002 zuwa 2009. Sai 150, wadda ta fi daɗewa, daga ƙarshen 2009 har 2023, an kuma sauya mata fuska sau biyu, a 2013 da 2017. Sabuwar, 250, ta shiga kasuwa a 2024, ba ta kuma yi tsufan da za a yanke mata hukunci ba. Lexus GX470 'yar uwar 120 ce ta jini, GX460 kuma ta 150. Shasinsu ɗaya, inji da kayan ƙawa ne suka bambanta.

Mataki na biyu: ka rabu da fuska, ka nemi shekarar gaskiya

A nan ake cin kuɗin mutane. Tun da 150 ta shekara goma sha huɗu da gangar jiki ɗaya, abu ne mai sauƙi a ɗauki ta 2010 a sauya mata fitilu, bamba, bonet da ragar gaba, ta koma kamar ta 2018 ko 2020. Ofgired ke nan, kuma masu yin sa a Legas, Abuja da Kano sun ƙware har suna sauya sitiyari da dashbod. Yin haka ba haramun ba ne idan an faɗa maka. Matsalar ita ce a sayar maka da tsohuwa a farashin sabuwa.

Buɗe ƙofar direba ka nemi tambarin kamfani a jikin ginshiƙi, ko farantin ƙarfe a cikin ɗakin inji. Za ka ga lambar samfuri mai haruffa biyu ko uku da lamba, kuma haruffan nan su ne ke faɗa maka injin da motar ta fito da shi. TRJ inji ne na fetur mai lita 2.7 da silinda huɗu. GRJ na fetur ne mai lita 4.0 da silinda shida. KDJ na gas ne mai lita 3.0 da tabo, GDJ na gas mai lita 2.8, LJ kuma tsohon injin gas ne mara tabo. A tsofaffin za ka ci karo da RZJ, VZJ da KZJ. Idan farantin ya ce GRJ amma ka tarar da silinda huɗu a ƙarƙashin bonet, an sauya inji, sai mai mota ya yi bayani.

Daga nan sai lambar shasi mai harafi goma sha bakwai. A motocin da aka ƙera wa Amurka, wato irin su GX, da kuma na ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha, harafi na goma shi ne shekara: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, haka har H 2017, a tsallake I, J 2018, K 2019, L 2020. Motocin Turai da na cikin Japan ba lallai su bi wannan tsari ba, don haka kada ka tsaya a nan. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, akwai ƙyallen da aka ɗinka a gindinsa mai ɗauke da shekarar da aka yi shi. Masu ofgired ba kasafai suke tuna shi ba. Duba na gaba da na baya duka. Ka kuma tabbatar lambar da aka buga a jikin shasin kanta, ta wajen tayar gaba, ta yi daidai da ta takarda, kuma ba alamar walda ko gogewa a kewayenta.

Akwai wata shaidar da ba a iya ɓoyewa da fenti: giya. Prado mai lita 2.7 ta daɗe da giya huɗu ta otomatik, sai wajen 2015 zuwa 2016 ta koma shida. Mai lita 4.0 ta tashi daga biyar zuwa shida a daidai wannan lokaci. Motar da aka ce maka ta 2019 ce amma kwamfutar bakanike ko tuƙi ya nuna giya huɗu, ka san inda aka dosa.

Idan sitiyarin an mayar da shi ne daga dama zuwa hagu, shawarata ka wuce. Tun 1972 Najeriya ke tuƙi a hannun dama, motocin Japan, Ingila da Ostareliya kuwa sai an juya su. Aikin ya shafi birki, sitiyari da wayoyin mota gaba ɗaya, kuma ba ka san hannun da ya yi shi ba.

Mataki na uku: san ciwon kowace shekara

Tsarar 90 ta tsufa, ƙaramar cikinsu ta haura shekara ashirin. Amma idan kuɗinka nan ya tsaya, abu biyu za ka sa wa ido. Na farko boljoyin na ƙasa a ƙafar gaba. Yadda aka tsara shi, nauyin mota yana jan sa ne waje, don haka idan ya ci ba ya yin dogon gargaɗi, sai dai taya ta kwanta a ƙarƙashin mota ana cikin tafiya. Toyota 4Runner ta 1996 zuwa 2002, wadda suke shasi ɗaya, ita ma da wannan aka san ta. Kada ka tambaya ko an sauya. Ka sauya da na asali a makon da ka saya. Na biyu injin gas 1KZ-TE, wanda kansa ke tsagewa idan ya yi zafi fiye da kima ko sau ɗaya. A zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, da lagireton da ya toshe, wannan ba abin wasa ba ne. Na fetur ɗin, 3RZ mai silinda huɗu da 5VZ mai silinda shida, duk masu juriya ne, sai dai 5VZ taimin bel gare shi, yana da lokacin sauyawa.

Tsarar 120 ita ce da yawa daga cikin bakanikai ke yabo, kuma ina tare da su. Wayoyi da na'urori ba su yi mata yawa ba, lebar ogzileri ta hannu ce, kayan gyaranta kuma suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas. A 2004 aka maye gurbin 3RZ da 2TR, kuma a daidai wannan lokaci mai silinda shida ta samu giya biyar. Injin 1GR, wato na GRJ, na shekarun farko, 2003 zuwa wajen 2005, an san wasunsu da ƙonewar gasket idan tafiya ta yi nisa, shi ya sa na fi son na 2006 zuwa 2009. Dashbod ɗin wannan tsara yana tsagewa a rana. Muni ne kawai, ba ya hana tafiya, amma abin rage farashi ne. Manyan samfuranta da GX470 suna da balan-balan na iska a ƙafar baya maimakon sifirin. Suna da daɗin zama, amma roba ce, tana tsufa ta fara yoyo, famfon ya yi ta aiki har ya ƙone. Idan an riga an mayar da su sifirin na ƙarfe da kyau, ni ban ɗauke shi aibi ba. GX470 kuma injinta mai silinda takwas da lita 4.7 taimin bel ne, ka tambayi yaushe aka sauya.

Sai injin gas 1KD, mai lita 3.0, wanda ke cikin 120 da 150 duka. Yana da ƙarfin ja, ba ya shan mai sosai, amma a nan ya kamata a dakata. Ƙarƙashin kowace nozul akwai wani ɗan zoben tagulla da ke toshe hayaƙi. Idan ya fara yoyo, hayaƙin ƙonewa yana shiga cikin baƙin mai ya daskarar da shi, daskararren ya toshe ragar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta, inji ya rasa mai ya noke alhali ma'auni na nuna mai a cike. Ban da wannan, nau'in da aka fitar daga 2006 zuwa wajen 2014 don cika dokar hayaƙi ta Turai an san shi da tsagewar fistin, musamman idan nozul sun lalace ana kuma jan kaya masu nauyi. Duka cututtukan biyu suna da alaƙa da nozul, nozul kuwa man gas mai datti ko mai ruwa ne ke kashe ta. Wanda ke shan mai a jarkar bakin hanya ya yi tunani sau biyu.

A tsarar 150, shekarar farko ta zo da tangarɗa: a Afrilun 2010 Toyota ta kira GX460 da wasu Prado masu sitiyarin hagu don gyara manhajar da ke hana mota zamewa a kwana, bayan mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gargaɗi masu saye. Gyaran kwamfuta ne, ba na ƙarfe ba. A 2015 aka kawo injin gas 1GD mai lita 2.8, mai taimin cen. Injin kansa lafiyayye ne. Abin da ya ɓata masa suna shi ne matatar da ke cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi, wadda ake son ta riƙa ƙone tokarta da kanta a doguwar tafiya. A Ostareliya ta yi ta toshewa, har masu Prado, Hilux da Fortuner da aka saya tsakanin Oktoban 2015 da Afrilun 2020 suka kai ƙara, kotun tarayyar ƙasar ta ba su gaskiya a 2022. Wannan a ƙasar da man gas ɗinta ke da tsabta ke nan. Abin lura, a Afirka ta Kudu Toyota ta ci gaba da sayar da Prado da tsohon 3.0 har 2020. Idan GDJ ce a gabanka, ka gano ko tana da wannan matata, domin ba kowace kasuwa aka sa wa ba, kuma idan tana da ita ka fi son ta bayan tsakiyar 2020.

Injin LJ, wato 5L-E, shi ne wanda ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu suka riƙa saye don Afirka. Ba tabo, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, a hawa sai haƙuri. Amma ba ya zaɓen mai kamar sauran, kuma bakaniken da ya taɓa gyara tsohuwar Hiace ko Hilux zai gane kansa.

Mataki na huɗu: daidaita inji da hanyarka

Ga inda na tsaya. Mai son kwanciyar hankali a arewacin Najeriya ko Nijar ya nemi fetur. 2TR mai lita 2.7 shi ne injin da ke cikin Hilux da Hiace masu yawa, da wuya ya ba ka kunya, amma dokinsa wajen 160 ne kawai a motar da ta haura tan biyu. Idan ka cika ta da mutane da buhuna, ka kunna iyakwandishan, ka shiga yashi, za ka taka totur har ƙasa, kuma man da ka yi zaton za ka yi tsiminsa ya tafi. 1GR mai lita 4.0 na tsarar 150 yana ba da doki wajen 270, yana jan motar ba tare da wahala ba, kuma shi ma taimin cen ne. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023 kowa na lissafin lita, na sani, amma bambancin shan mai tsakanin su biyun a kan hanya mai nauyi bai kai yadda dillalai ke zuzutawa ba. Da ni ne, GRJ120 ta 2006 zuwa 2009 idan kuɗi kaɗan ne, GRJ150 daga 2014 zuwa sama idan aljihu ya yarda. Gas kuma sai ga wanda ke da gidan man da ya amince da shi da bakanike mai na'urar gwada nozul.

Mataki na biyar: je da bakanikenka, kuma da sassafe

Ka ce kada a tayar da motar kafin ka iso. Taɓa bonet ka ji. Idan da ɗumi, an riga ka, ka dawo gobe. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Bakaniken kuma naka ne, ba wanda dillali ya kira ba, ka biya shi kuɗin ranarsa ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Tun inji na sanyi a buɗe murfin lagireto. Ruwan Toyota na asali ja ne ko ruwan hoda. Idan ka ga ruwan rijiya mai tsatsa, ka san yadda aka riƙe motar. A tayar a bar murfin a buɗe na ɗan lokaci: kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa alamar gasket ce ko tsagaggen kai. Kada a taɓa buɗe murfin nan inji na da zafi. A duba ko an cire tamostat, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu da sunan maganin zafi. Sau da yawa ɓoye wata cutar ake yi da ita. A juya murfin baƙin mai, idan akwai farin kitse kamar madara ruwa na haɗuwa da mai. A tsarar 90 mai otomatik a zaro ma'aunin man giya, domin bututun sanyaya shi ta cikin lagireto ya bi, idan ya huje man sai ya koma ruwan hoda mai kauri, giyar kuma ta kusa tafiya.

In gas ce, saurari ƙarar minti na farko. Ƙwanƙwasa mai ƙarfi da farin hayaƙi da ke ɗaukewa bayan inji ya ɗumama nozul ce ke magana. A sa kwamfuta a karanta yadda kowace nozul ke gyara adadin manta. Wadda ta yi nisa da sauran ta gaji. A 1KD, idan mai mota ya yarda a juye baƙin mai a leƙa ragar famfo da 'yar kyamara ta ramin juyewa, wannan dubawar ta fi duk rantsuwar da za a yi maka. Taimin bel ɗinsa kilomita 150,000 ne wa'adinsa.

Da ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun gargaɗi duka su kama, sannan su mutu bayan ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ƙwanta aka yi.

Sai a ɗaga motar ko a hau rami. Wadda ta fito daga Turai, Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa ke cin shasinta daga ciki. A ƙwanƙwasa da guduma, musamman ta baya wajen da ƙafa ke kamawa. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Ta ƙasashen Larabawa ba ta da tsatsa, amma rana ta gasa robobinta, kuma tun ambaliyar Dubai ta Afrilun 2024 ya kamata a ɗaga kafet a shinshina, a duba ƙarfen ƙarƙashin kujeru ko da laka ko tsatsa. Idan motar na da KDSS, wato tsarin mai da ke sassauta ƙafafu a gargada ya ɗaure su a kwalta, a tsayar da ita a wuri mai daidai a koma baya a kalle ta. Karkata gefe guda ko jiƙewar mai a silindojinsa kuɗi ne masu yawa. A GX460 a haska tocila tsakanin kawunan inji biyu da bayansa, busasshen ruwan hoda a nan yoyo ne da sai an kwance saman inji kafin a kai gare shi.

Lambar kilomita a dashbod kuwa, kada ka ba ta muhimmanci. Robar feda, fatar sitiyari da gefen kujerar direba sun fi ta gaskiya.

Mataki na shida: gwada abin da ka zo saye

Prado da yawa da ke Abuja ba su taɓa taka ƙasa ba, kuma wannan ma matsala ce. Tayoyinta huɗu kullum suna ja, amma makullin tsakiya da ƙaramar giyar ƙarfi sai an kira su. A 150 ɗan moto ne na lantarki ke shigar da su, kuma idan an shekara biyar ba a taɓa shi ba yana maƙalewa. Ka kai motar kan burji ko fili mai yashi. Tsaya cak, sa giya a N, juya zuwa L4. Fitilar ta kama ta tsaya; idan ta yi ta ƙiftawa ba ta zauna ba, bai shiga ba. Danna makullin tsakiya, yi 'yar tafiya, sannan ka fitar da duka ka tabbatar sun fita. Kada ka yi wannan gwaji a kan kwalta, kuma kada ka yi kwana da makullin a kulle a ƙasa mai tauri.

Daga nan ka hau babban titi ka kai kilomita 100 a awa. Giya ta riƙa shiga ba duka ba jinkiri, sitiyari kada ya yi rawa, allurar zafi ta tsaya a tsakiya da iyakwandishan a kunne. Ka dawo ka bar ta tana aiki a tsaye minti goma sha biyar, ka sake kallon allurar da ƙasan motar.

Mataki na bakwai: takardu da makon farko

Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, don haka 'yar Kwatano da takardar kwastam ɗinta ba ta da tushe za ta iya kwana a hannun jami'ai a kowane shinge. A tantance takardar biyan haraji a ofishin kwastam kafin kuɗi su fita, lambar shasi ta dace harafi da harafi, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a kuma ambaci shekarar motar a cikinta. Da lambar shasin nan za ka iya tambayar wakilin Toyota ko akwai kiran gyara da ba a yi ba, irin na jakar iska ta Takata ko na famfon fetur da aka yi a 2020.

Kada ka kashe duk abin da ke hannunka a saye. Ka ware na makon farko: baƙin mai da filta, man giya, man difarensha na gaba da na baya, man akwatin ogzileri, man birki, wanke lagireto da zuba ruwansa na asali, mayar da tamostat idan an cire, da taimin bel ga injin da ke da shi idan ba takardar da ta nuna ranar da aka sauya. Tayoyi ma a karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta haura shekara shida a sauya ta ko da zanenta bai goge ba, har da safayar da ke rataye a baya.